Knute Nelson: agolan da ya zama gwamnan Minesota, da ƙasar da ya noma

Baban Safiya:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Makon jiya na kai kaya wani ƙaramin gari mai suna Alexandria a nan jihar Minesota, tafiyar kamar awa biyu a mota daga Miniyapolis. Da na sauke kayan sai na shiga wani tsohon gida da ƙungiyar tarihin gundumar take amfani da shi. Gidan wani mutum ne mai suna Knute Nelson, su nan Kanut suke faɗa. Na sha wuce mutum-mutuminsa a gaban ginin majalisar jiha a St. Paul, ban taɓa tambayar ko wane ne ba sai ranar.

An haife shi a 1843 a Evanger, kusa da Voss, a yammacin Norwe. Uwarsa ba ta da aure lokacin da ta haife shi, bai kuma tashi a gaban uba ba. A 1849 ta ranci kuɗin jirgin ruwa, ta riƙo hannunsa yana ɗan shekara shida suka tsallako Amurka. A Shikago ita tana aikatau, shi yana tallan jarida. Bayan shekara guda ta auri wani manomi ɗan ƙasarsu mai suna Nils, suka koma ƙauye a Wiskonsin. Sunan Nelson ɗin ma daga mijin uwar ya samo shi. Agola ne ke nan, kuma a gonar mijin uwa ya girma.

Ya yi karatu a makarantar Albion, ya shiga soja a 1861 da yaƙin basasa ya ɓarke, aka ji masa rauni aka kama shi a Port Hudson a 1863. Da ya dawo ya karanci shari'a, ya zama lauya a 1867, ya yi zama a majalisar Wiskonsin. A 1871 ya tattara iyalinsa ya nufo Alexandria, lokacin wurin bakin daji ne, jirgin ƙasa ma bai iso ba. Ya kama gona a gefen gari ya gina gida. Daga nan ne fa: lauyan gunduma, sanatan jiha a 1875, majalisar wakilai ta tarayya daga 1883 zuwa 1889, gwamna a 1893, sannan sanatan Amurka daga 1895 har ya rasu a 1923 a cikin jirgin ƙasa, kan hanyarsa ta komawa gida, yana da shekara 80.

Tun ranar abin yake cina a rai. Mu muna cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Ga yaron da ya iso ba uba, ba Turanci, ba ko sisi, amma mutanen da ya tarar suka ɗora shi kan kujerar gwamna. Ina ganin akwai abin koyi a nan. Me kuka gani?

Ɗan Maradi:
Wa alaikumus salam. Yaya, ni manomi ne, don haka inda kunnena ya tsaya shi ne inda ka ce "ya kama gona". Ya ake kama gona a can? Saye ya yi, ko mai gari ne ya yanka masa?

Barista Hadiza:
Bari in amsa wannan, Ɗan Maradi. A 1862 Shugaba Linkon ya sa hannu a dokar rabon gonaki da ake kira Homestead. Duk wanda ya kai shekara 21 ko yake da iyali zai iya zuwa ofishin filaye na gwamnati ya biya ɗan kuɗin rajista, a rubuta masa har eka 160, wato kusan hekta 65. Sharaɗin shi ne ya zauna a wurin, ya yi gini, ya noma har shekara biyar, sai a ba shi takardar mallaka. Ba sai ɗan ƙasa ba. Baƙon da ya je kotu ya rubuta cewa yana da niyyar zama ɗan ƙasa, shi ma ana ba shi. Wannan ne ya kwaso mutanen Norwe da Suwidin da Jamus zuwa Minesota.

Ɗan Maradi:
Hekta 65 ga mutum ɗaya! A garinmu mai hekta biyar ana kiransa babban manomi. To amma Hajiya, ni dai a iya sanina ƙasa ba ta rasa mai ita. Ko dajin da ka ga ba kowa, in ka sa gatari za ka ga wanda zai fito ya ce makiyayar kakansa ce. Gwamnatin ita a ina ta samu wannan ƙasar da take rabawa?

Malam Tarihi:
Allah ya yi maka albarka, ɗana. Tambayar da ya kamata a fara da ita ke nan.

Minesota ƙasar al'ummu biyu ce kafin zuwan Turawa: Dakota a kudu da yamma, Ojibwe a arewa. A 1851 aka ƙulla yarjejeniyar Traverse des Sioux da ta Mendota, inda Dakota suka sallama mafi yawan kudancin jihar, aka bar musu wani siririn yanki a gaɓar kogin Minesota, da alkawarin kuɗi da abinci duk shekara. 'Yan kasuwa suka cinye babban kaso na kuɗin da sunan bashi. A 1862 amfanin gona bai yi kyau ba, kuɗin gwamnati ya makara, yunwa ta kama mutane, yaƙi ya tashi a watan Agusta. An kashe ɗaruruwan baƙi manoma, har da mata da yara, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Da aka murƙushe Dakota, sai aka rataye mutum 38 a rana ɗaya a garin Mankato, ranar 26 ga Disamba 1862. Shekara ta gaba aka soke yarjejeniyoyin aka kore su daga jihar.

Ku lura da shekarar. Dokar rabon gonaki 1862, ratayar Mankato 1862, kuma hannu ɗaya ne ya amince da duka biyun. Shi kansa garin Alexandria da Baban Safiya ya je, an kafa shi a 1858, mazaunansa suka watse a lokacin yaƙin, sai bayan ƙura ta lafa aka dawo. Don haka wanda ya iso a 1871 ya tarar da fili a share, amma ba Allah ne ya saukar da shi a share ba.

Baban Safiya:
Allah ya gafarta Malam, ban musa ko ɗaya ba. Amma a yi wa mutumin adalci. A 1862 Nelson yana fagen yaƙi a jihohin kudancin ƙasar sanye da kakin soja, a ɓangaren da ya kawo ƙarshen bauta. Bai taɓa taka Minesota da bindiga ba. Shekara tara bayan haka ya zo. In mutum ya sayi gida a hannun hukuma, sai daga baya aka ce hukumar ƙwace ta yi, laifin mai saye ne?

Malam Tarihi:
Da a nan labarinsa ya tsaya, da na bar maka wannan. Sai dai akwai doka guda da har gobe sunansa take ɗauke da shi: dokar Nelson ta 14 ga Janairu 1889. Shi ya kai ta majalisar wakilai. Sunan da aka rubuta mata shi ne dokar agaza wa Indiyawan Chippewa na Minesota da wayar da su, Chippewa ɗin su ne Ojibwe.

Ga abin da ta ƙunsa, da yaren da manomi zai gane. Ojibwe suna riƙe da sauran ƙasarsu ne kamar gandu, ta kowa ce, ba mai ikon yankar wani sashe ya sayar. Dokar ta ce a fasa gandun, a yanka wa kowane mutum gayaunarsa, abin da ya yi saura a kira shi rara, gwamnati ta sayar. An kuma so a kwashe dukkan Ojibwe na jihar a tara su wuri guda, a yankin da aka keɓe mai suna White Earth, in ban da mutanen Red Lake. Rarar nan kuwa ita ce dazukan itatuwan katako na arewacin Minesota, waɗanda kamfanonin katako suka daɗe suna haɗiyar yawu a kansu, da kuma filayen noma na yamma.

Duk wanda ya ga yadda gandu yake ƙarewa in an raba gado ya san sauran. Gayauna tana sayuwa, gandu ba ya sayuwa. A 1906 aka ƙara wani sashe a wata doka, wanda Sanata Moses Clapp ya kawo, da ya ba masu ruwa biyu damar sayar da nasu kason. 'Yan kasuwar filaye suka yi wa White Earth rubdugu, da bashi, da yaudara, da takardun ƙarya. Yau abin da ya rage a hannun al'ummar bai wuce kusan kashi goma cikin ɗari na ƙasar da aka keɓe musu a 1867 ba. A lokacin da aka yi dokar 1906 ɗin, Nelson yana zaune a majalisar dattawa a matsayin ɗaya sanatan jihar.

Sadiq Kano:
To ai magana ta ƙare. Duk Turawa haka suke, ɓarayin ƙasa ne. Ban ga abin tattaunawa a nan ba.

Maman Usman:
A'a ƙanina, kada ka yi mana kuɗin goro. In muka ce duk haka suke, mun rufe ƙofar fahimta ke nan. Ni tun ɗazu uwar yaron nake tunani, Ingebjørg sunanta, ba wanda ya ambace ta da suna. Ku auna mace a ƙaramin ƙauye a 1843, kowa ya san kowa, coci ɗaya ake zuwa, ta haifi ɗan gaba da fatiha. Mun san irin kallon da ake yi wa irin wannan yaron, mun san sunan da yara za su riƙa kiransa da shi a dandali. Ta ci bashi ta hau teku da shi zuwa inda ba ta jin yaren kowa. Ba ƙasar wani ta je ƙwacewa ba, wanke-wanke ta je yi a gidan mutane.

Kuma ba ita kaɗai ba ce. Norwe ƙasar duwatsu ce, abin da ake iya nomawa kusan kashi uku ne cikin ɗari. Gona babban ɗa take bi, ƙanne su zama 'yan ƙodago ko masu zaman aro a ƙasar wani. Daga 1825 da jirgin farko ya tashi daga Stavanger zuwa shekara ɗari bayan nan, mutum wajen dubu 800 suka bar ƙasar zuwa Amurka. In ka cire Ailan, ba ƙasar Turai da ta zubar da kaso mai yawa na mutanenta kamar haka. Talakawa ne da ƙasa ta yi wa kaɗan. Abin da ke ba ni tausayi shi ne, wanda ya san zafin rashin gona shi ne ya zo ya rubuta dokar da ta raba wasu da tasu.

Sadiq Kano:
Na karɓi gyara, Anti. Amma ina da wata tambayar ga Baban Safiya. Ka kira shi manomi. Mutumin da ya zama lauya tun 1867, ya yi shekara 28 a majalisar dattawa, yaushe ya yi noman? Ni na fi ganin irin manyanmu ne da suke da gona a bayan gari, lokacin zaɓe a ɗauke su hoto a kan tarakta.

Baban Safiya:
Sadiq, akwai gaskiya a maganarka, amma ba duka ba. Abincinsa daga aikin lauya ya fi fitowa, wannan haka ne. Akwai ofishin filaye na gwamnati a Alexandria, rigingimun gona da iyaka da takardu kuwa ba sa ƙarewa a sabon wuri, ga shi yana jin Turanci yana jin yaren Norwe, don haka 'yan ƙasarsu wurinsa suke zuwa. Amma ya yi noma tun yana yaro a Wiskonsin, gonar Alexandria kuma bai rabu da ita ba har ya mutu, can yake komawa in majalisa ta tashi. A wasiyyarsa ya bar gidan ga cocin Lutheran na 'yan Norwe don a riƙa kula da tsofaffi, daga baya kuma aka yi gidan kula da tsofaffi mai sunansa a garin.

Sannan wahalar wurin ba ta tsallake gidansa ba. A 1877 cutar mashaƙo ta shiga, ta ɗauke masa 'ya'ya uku cikin biyar. Mutanen Kano da suka ga abin da mashaƙo ya yi a 2023 sun san me nake nufi, balle a lokacin da ba rigakafi.

Maman Usman:
Innalillahi. Uku a shekara ɗaya. Allah sarki matarsa.

Ɗan Maradi:
Allah ya kyauta. Yaya, me suke nomawa a can lokacin? Kuma me ya fi damun manomi, fari ko me?

Baban Safiya:
Alkama ce babbar, ƙanina. Kuma za ka yi mamaki, fara ce ta fi gallabarsu a shekarun da ya iso. Daga 1873 zuwa 1877, shekara biyar a jere, fara tana sauka a yammacin Minesota tana cinye gonaki ƙarƙaf. Har gwamnan lokacin, John Pillsbury, ya ware ranar 26 ga Afrilu 1877 don addu'a da azumi a duk jihar.

Bayan fara sai sufuri. Alkamar da ba ta da hanyar zuwa kasuwa ba ta da daraja. Shi ya sa babban aikin Nelson a majalisar jiha shi ne matsa wa kamfanin jirgin ƙasa ya ƙarasa layin dogon da ya tsaya a hanya, kuma jirgi ya iso Alexandria a 1878. To da jirgin ya zo, sai sabuwar matsala ta zo tare da shi. Kamfani ɗaya ne, shi ke yanka kuɗin dako. Masu rumbunan hatsi na bakin tasha su ke auna alkama, su ke cewa wannan lamba ɗaya ce wannan lamba biyu, su ke sa farashi. Masu injinan fulawa na Miniyapolis kuma suna can sama suna jira.

Ɗan Maradi:
Wannan kam na gane shi sarai. Mai awo shi ne mai kuɗi, shi ne mai mota. Ko wace ƙasa ce, manomi a ƙarshen layi yake. To shi Nelson ɓangaren wa ya tsaya?

Malam Tarihi:
A tsakiya, kuma wannan ne sirrin daɗewarsa. Ɗan jam'iyyar Rifablikan ne, jam'iyyar masu bankuna da masu injina da kamfanonin jirgi. Amma a 1888 ya saɓa wa jam'iyyarsa ya goyi bayan ƙudurin Mills na rage harajin kayan shigowa, saboda manomi yana sayar da alkama a farashin kasuwar duniya, amma yana sayen garma da tufafi a farashin da haraji ya kumbura. Manoma ba su manta masa wannan ba.

Ku kuma duba yadda ya zama gwamna. A 1890 ƙungiyar ƙawancen manoma ta tsayar da nata ɗan takara ta kwashi ƙuri'u masu yawa, hankalin Rifablikan ya tashi. Yawancin masu tawayen nan manoman Norwe da Suwidin ne na yammacin jihar. Sai jam'iyya ta ce a kawo nasu, mai jin yarensu, mai zuwa cocinsu. A 1892 Nelson ya kayar da Ignatius Donnelly na jam'iyyar talakawa da Daniel Lawler na Dimokurat. Don haka, Baban Safiya, ba wai 'yan gari ne suka ga baƙo suka ji tausayinsa ba. Baƙin ne suka yi yawa har ƙuri'arsu ta zama abin tsoro, manyan gari kuma suka nemi wanda zai riƙe musu su.

Baban Safiya:
Malam, ko da hakan ne, ai ba a banza ya samu ba. A 1882 da ya nemi kujerar majalisar wakilai, abokin karawarsa Charles Kindred na garin Brainerd mai kuɗi ne ƙwarai, ya fito daga harkar filayen kamfanin jirgin Northern Pacific, ya kuma zubar da kuɗi. Taron fid da gwani ya tarwatse, kowane ɓangare ya tsayar da nasa, aka je zaɓe da 'yan Rifablikan biyu, Nelson ya ci. A 1895 kuma ya kayar da sanata mai ci, William Washburn, ɗan gidan masu injinan fulawa, a lokacin da 'yan majalisar jiha ne suke zaɓen sanata. Mutanen Washburn sun ce ya ci amana, amma dai ɗan aikatau ya kayar da ɗan masu gari. Shi ne haifaffen Norwe na farko da ya shiga majalisar dattawan Amurka.

Barista Hadiza:
Ina so in ƙara abin da doka ta ce, domin ƙofar da ya bi ba kowa aka buɗe wa ba. Tsarin mulkin Minesota na farko ya ba baƙo farar fata damar jefa ƙuri'a in ya rubuta niyyar zama ɗan ƙasa, tun kafin ya samu takardar. Sai a 1896 aka soke wannan. Ka ga ke nan manomin da ya sauka daga jirgi bai daɗe ba yana da gona yana da ƙuri'a. Tsarin mulkin tarayya kuma shekara bakwai da zama ɗan ƙasa yake nema ga ɗan majalisar wakilai, tara ga sanata. Kujerar shugaban ƙasa da ta mataimakinsa kaɗai aka keɓe wa haifaffe.

Amma dokar zama ɗan ƙasa ta 1790 farar fata ta ambata. Sai 1870 aka shigar da 'yan asalin Afirka. A 1882, shekarar da aka zaɓi Nelson zuwa Washinton, aka yi dokar hana 'yan Sin shigowa. Su kuwa 'yan asalin ƙasar, sai a 1924 aka yi dokar da ta ba su duka zama 'yan ƙasa, shekara guda bayan mutuwar Nelson. Yaron da aka haifa a Evanger ya yi gwamna ya yi sanata ya mutu, alhali akwai tsohon da aka haifa a bakin tafkin Leech Lake, kakanninsa ma a nan aka binne su, doka ba ta gama yarda cewa shi ɗan ƙasa ba ne.

Ta ɓangarenmu kuma, don a yi adalci ga tambayar Baban Safiya: a tsarin mulkin Najeriya na 1999, sashe na 177, sai haifaffen ɗan ƙasa ne zai iya zama gwamna. Irin Nelson ba zai ko sayi fom ba.

Ɗan Maiurno:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karatu ban sa baki ba, amma wannan ta taɓa ni. Ni Bahaushen Sudan ne. Kakanninmu sun taso bayan yaƙin Burmi na 1903, suka bi Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu. Mun sari daji, mun noma dawa, hannunmu yana cikin audugar Jazira tun farkonta. Fiye da shekara ɗari ke nan. A 2022 maganar ba Hausawa sarautar gargajiya a jihar Shuɗin Nilu ta zama rikicin da aka rasa rayuka da yawa, kuma kalmar da aka riƙa jifanmu da ita ita ce baƙi, ba ku da ƙasa.

Don haka da na karanta saƙon farko, zuciyata tana tare da Baban Safiya. Na so a ce akwai inda manomi baƙo zai zama ɗan gari a rayuwarsa, ba sai jikokin jikokinsa ba. Amma da Malam ya kawo maganar White Earth sai jikina ya yi sanyi, domin na san abin da maƙwabtanmu suke tsoro ke nan, kada wanda aka ba masauki ya wayi gari shi ke rabon ƙasa. Bambancin shi ne mu ba mu zo da soja a bayanmu ba, ba kuma wata gwamnati da ta kori wani ta ba mu. Ban yarda a haɗa mu da su ba, amma na fahimci tsoron.

Malam Tarihi:
Allah ya kawo muku zaman lafiya, ɗan'uwa, ya jiƙan waɗanda suka rasu. Gaskiyarka, ba abu ɗaya ba ne, kada kowa ya haɗa.

Sadiq Kano:
Amin. Malam, to a ƙarshe manoman sun ci gaba da binsa?

Malam Tarihi:
Shi dai ba su taɓa kayar da shi ba, amma sun bar gidansa tun yana raye. A 1915 aka kafa wata ƙungiyar manoma a jihar Dakota ta Arewa, Nonpartisan League, mai neman gwamnati ta mallaki rumbunan hatsi da injinan niƙa da banki. Ta shigo Minesota da ƙarfi. Lokacin ya zo daidai da yaƙin duniya na farko, Nelson kuwa yana cikin masu zafin goyon bayan yaƙin, yana kallon 'yan ƙungiyar a matsayin marasa kishin ƙasa. Tsohon sojan da ya zubar da jini don a yarda shi Ba'amurke ne, da tsufansa ya zama mai tuhumar wasu baƙin.

Da ya rasu a Afrilun 1923 aka yi zaɓen cike gurbi a watan Yuli. Rifablikan suka tsayar da gwamna mai ci, Preus, wanda ya taɓa zama akawun Nelson a Washinton, yaronsa ne na siyasa. Wanda ya kayar da shi shi ne Magnus Johnson na jam'iyyar manoma da ma'aikata. Shi an haife shi a Suwidin a 1871, ya koyi sana'ar hura gilashi, ya zo Amurka a 1891 yana ɗan shekara ashirin, ya yi aikin katako, sannan ya kama noma a gundumar Meeker. Sadiq, in manomi mai kaushin hannu kake nema wanda ya shiga siyasa, ga shi nan. Turancinsa ma har ya mutu da karin harshen garinsu yake fita, jaridun birni suna yi masa dariya a kai. Bai kai shekara biyu a kujerar ba aka kayar da shi a zaɓen 1924.

Ɗan Maradi:
Shekara 28 da ƙasa da shekara biyu. Allah ya sa mu dace. Amma Malam, ka ce ban da mutanen Red Lake. Su me ya faru da su?

Malam Tarihi:
Su suka ƙi. Da tawagar gwamnati ƙarƙashin Henry Rice ta je musu a 1889, dattawansu suka yi kwanaki ana ja-in-ja. Sun sallama ƙasa mai yawan gaske, kusan eka miliyan uku, amma suka tsaya kai da fata cewa abin da ya rage ba za a yanka shi gayauna-gayauna ba. Har yau ƙasar Red Lake ta al'umma ce gaba ɗaya, ba wani ɗan kasuwa da ya iya sayen ko taku ɗaya a tsakiyarta. Sauran Ojibwe kuma sun yi shekaru suna shari'a da gwamnati kan yadda aka sayar da filaye da katakon ƙarƙashin dokar Nelson, sai a 1999 aka sasanta a kan dala miliyan 20.

Baban Safiya:
Malam, na gode, kuma na gode Barista. Ban janye sha'awar da nake yi wa yaron da uwarsa ba, har yanzu in na tuna tallan jaridar nan a sanyin Shikago sai in ji shi kamar ɗan'uwa. Amma na shiga gidansa na fito ban san da dokar 1889 ba, alhali White Earth tana arewa da Alexandria, tafiyar awa biyu ce kawai. In Allah ya kai mu hutun wata mai zuwa can zan je, in ji daga bakin masu wurin.

Ɗan Maradi:
Allah ya kai ka lafiya, Yaya. In ka je ina da saƙo. Na ji an ce suna da wata shinkafa da take fitowa da kanta a cikin tafki, a kwalekwale ake girbinta.

Baban Safiya:
Haka ne, manoomin suke ce mata. Ƙarshen Agusta zuwa Satumba ake girbi. Mutum biyu ne a kwalekwale, ɗaya yana tura shi da gora, ɗaya yana lanƙwaso zangarniyar da sanda yana kaɗa ta da wata sandar, ƙwayar tana zuba a ciki, wadda ta faɗa ruwa kuma ita ce irin baɗi.

Ɗan Maradi:
To ka tambayar mini su waye suke da ikon shiga tafkin yanzu, kuma wa yake sa ranar fara girbi, dattawansu ko gwamnati. In ana sayarwa ka auno mini ko rabin tiya ce, in wani mai zuwa gida ya samu ya taho da ita. Ina so in gan ta da idona.